Yadda Barmini Ya Koya wa Kwamfutar Gidan Wanki Surutu

A layin nan kaf ba mai iya tuna sunansa na gaskiya, kowa Barmini yake ce masa. Dalili kuwa, ba a taɓa tayar da wata magana a gabansa ba, ko ta gyaran famfo ce ko ta tiyatar ido, face ya bugi ƙirji ya ce, "Ku bar mini." In an bar masa kuma, sai an nemo wanda zai gyara gyaran.

A gidan wanki da guga na mijin yayarsa yake aiki, in dai za a kira abin aiki. Ba ya wanki, ba ya guga, ba ya tuƙi. Shi dai ya sa an buga masa kati mai cewa Shugaban Sashen Ci Gaba, sashen kuwa daga shi sai wata kujera mai juyawa da ke kuka in an zauna.

Gidan wankin ya bunƙasa har kaya suka fara cakuɗewa. Mai wando ya tafi da siket, mai labule ya tafi da bargo. Abin ya kai maƙura ranar da aka kai wa babban otal ɗin da ya fi kowa ba su aiki buhun safar 'yan ƙwallo a maimakon zanen gado. Manajar otal ɗin, wata mata da ba ta dariya sai da dalili, wadda kowa ke kira Madam, ta aiko da cewa in wata ya ƙare ba su gyara ba, za ta kai wankinta wani wuri.

Hankalin Maigida, wato mijin yayar Barmini, ya tashi. Ya ɗauko wata matashiya da ake kira Injiniya, mai haɗa manhaja, wato tsarin da ake ɗora wa kwamfuta ta riƙa yin aikin ofis. Ta zagaya gidan, ta ga injinan wanki, ta ga teburan guga, ta ga tulin kaya har rufi, sannan ta ce, "Yallaɓai, zan iya. Amma kafin ƙarshen wata abu kaɗan zan iya gamawa. Sai ka ba ni mutum ɗaya da zai riƙa yanke mini abin da za a fara da abin da zai jira."

Maigida bai gama buɗe baki ba, kujera mai juyawa ta yi kuka.

"Ku bar mini."

Maigida ya dubi rufi. Ya tuna cewa in ya hana, zai je gida ya tarar da fuskar matarsa a ɗaure. Ya ce, "To. Amma ka saurari ma'aikata."

Washegari Barmini ya tara ma'aikata a ɗakin guga, ya hau kan wani bokiti da aka kife don kowa ya gan shi.

Anti mai karɓar kaya ce ta fara. "Ni dai, Shugaba, in rubuta sunan mutum da lambar wayarsa da kayansa, da inda rigar ta yage ko ta yi tabo, kada gobe ya ce mu ne. In ya dawo kuma in buga sunansa, kayansa su fito."

Dogo mai guga ya ce, "Ni a nuna mini na gaggawa."

Direba ya ce, "Ni a nuna mini gidan da zan kai, da gidan da ke da kare."

Baba mai gadi ya ɗaga sandarsa. "Ni ta riƙa tashina in Maigida ya shawo kwana."

Barmini ya girgiza kai cikin tausayi. "Kun ji matsalarku? Tunaninku bai wuce tsawon igiyar shanya ba. Ana maganar ci gaba kuna maganar kare."

Injiniya ta ce, "Shugaba, bari in tambaye ka a sauƙaƙe. A ce ranar farko abu ɗaya tak zai yi aiki. Wanne kake so ya zama?"

"Murya."

"Na'am?"

"Ta yi magana! Mutum ya shigo, ta yi masa maraba, ta karanta masa kayansa da ƙarfi. Da muryata. Kwamfutar da ba ta magana ai akwatin ƙarfe ce."

"To nemo kaya fa?"

"Wanda ya ajiye abu ai ya san inda ya ajiye."

Anti ta ce, "Da mun sani, Shugaba, da ba a kai wa Madam safa ba."

"Anti, ana taro ne, ba tone-tone ba. Na biyu, duk lokacin da aka shigar da kaya, ta yi tafi. Na uku, a sa babban allo a bango yana nuna ma'aikacin da ya fi kowa shigar da kaya, gwarzon mako ya samu hutun yini. Na huɗu, saƙo ya tafi wayar mai kaya da kansa in an gama. A yi mini wani ƙaton maɓalli kore da zan danna sau ɗaya, kowa da kowa ya ji kayansa sun shirya."

"Wannan maɓallin yana da haɗari," in ji Injiniya. "Kuma ba ka ambaci maɓallin gyara ba. In an yi kuskure wajen rubutu, dole a iya gogewa."

Barmini ya sauko daga bokiti don girman maganar. "Ke yanzu so kike ki koya wa ma'aikata kuskure? Ka ba mutum magogi, ai ka ce masa ya yi ɓarna ke nan. A gidan nan ba ma kuskure."

Dogo ya dubi rigar da ya ƙona jiya, ya tura ta ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Injiniya ta je wurin Maigida ta faɗa masa gaskiya. Maigida yana kan waya da mai gyaran inji, ya toshe wayar da hannu ya ce, "Ku dai daidaita, 'yata, ku daidaita." Ta dawo ta zauna, ta fara abin da aka ce.

Naɗar murya kaɗai ta ci kwanaki. Barmini ya kulle kansa a banɗakin ma'aikata, wai nan murya ta fi amo, yana ta maimaita "wando, wando, wando" cikin salo iri-iri, ma'aikata na layi a waje suna matse ƙafa. Mai walda da ke maƙwabtaka ya leƙo ta katanga ya tambayi Baba ko wani ne ya haukace.

Da yamma sai ya tafi shagon mai aski ya baza labari. "Abin da nake haɗawa, in na gama, manyan kamfanoni za su zo su durƙusa."

Mai aski, wanda ba ya ƙin abin dariya na kyauta, ya ce, "Amma Shugaba, murya irin taka a ɓoye ta a cikin shago? Ai asara ce. A sa lasifika a waje, layi duka ya amfana."

Barmini ya miƙe da rabin aski. Kafin rana ta faɗi mai walda ya kafa ƙatuwar lasifika mai batir a saman ƙofar gidan wanki, ya kewaye ta da kejin ƙarfe, ya yi wa ƙofar kejin walda ruf saboda ɓarayi.

Haka aka yi ta yi. Kowace safiya Barmini na shigowa da sabon abu. Yau launin allo ya dace da takalminsa, gobe hotonsa ya riƙa ɗaga gira.

Injiniya ta ce, "Shugaba, jiya ka ce tafi ne na ɗaya. Shekaranjiya ka ce allo. Wanne ne na ɗaya?"

"Duka na ɗaya ne."

"Taura biyu ba ta taunuwa."

"Bakin wa? Ke dai tauna."

"To ka sani, in muryar ta fara karatu ba ta da abin tsayarwa. Ban kai ga yin sa ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wa zai so ya tsayar da muryata?"

Aka fara gwaji. Da farko abin ya ƙayatar. Mutum ya kawo riga, Anti ta shigar, sai a ji muryar Barmini ta cika layi: "Riga, ɗaya, an karɓa!" sai tafi raf-raf-raf. Masu wucewa suna tsayawa. Barmini na tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu, yana gyaɗa wa kansa kai.

Sai gasar gwarzon mako ta kama. Dogo ya gano cewa safa ƙafa biyu ce, saboda haka abu biyu ce. Direba ya shigar da hularsa da tsumman goge mota. Baba mai gadi, wanda bai taɓa kusantar kwamfuta ba, ya zo da bargonsa ya ce a rubuta gaba daban, baya daban. Tafi ya hana kowa jin kowa. Guga ta tsaya cik, don masu guga duk suna layin shigar da kaya.

Ana cikin haka yatsan Anti ya zame. Wani malamin makaranta ya kawo wando huɗu, ta rubuta arba'in da huɗu.

"Shugaba, na yi kuskure."

"Ba ki yi ba."

"Ga shi kuwa."

Ya leƙa. Ya sosa ƙeya. "Sake shigarwa daidai, za ta gane."

Ta sake. Lasifika ta sanar wa duniya: "Wando, arba'in da takwas, an karɓa!" Raf-raf-raf.

Da malamin ya dawo, ya nuna saƙon da ke wayarsa ya ce shi ba ya son rigima, a ba shi wandunansa yadda na'ura ta faɗa, ai na'ura ba ta ƙarya. Sai da Anti ta haɗa shi da Allah sannan ya karɓi huɗunsa, yana ƙunƙuni cewa an cuce shi.

Bayan wannan aka juya lambar waya guda. Wani tsoho da ya ba tamanin baya, matarsa ta daɗe da rasuwa, ya samu saƙo cewa kayan jaririnsa sun shirya. 'Ya'yansa mata manya suka ɗauko shi a mota suka kawo shi, babbar tana cewa, "Baba, ka faɗa mana gaskiya, ba za mu yi fushi ba. Ina ƙanin namu?" Tsoho kuwa sai murmushi yake, ya ƙi musantawa, don ya daɗe ba a zarge shi da abu mai daɗi haka ba.

Injiniya ta sake samun Barmini. "Ka ba ni kwana biyu in yi maɓallin gyara da na nema. Ka ɗage bikin buɗewar da ka shirya."

"In ɗage? Na riga na gayyaci Madam. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, haƙoran yaro ne ke fitowa. Ke dai ranar ki zauna can baya, kada ki taɓa komai. Ranata ce."

Ranar ta zo. Aka jera kujeru a gaban shago. Mai aski ya rufe shagonsa ya zo ya kama kujerar gaba, mai walda na gefensa. Maigida ya zauna tare da matarsa, Yaya, wadda ta sha ado tana gaya wa kowa cewa ƙaninta ne ya haɗa. Madam ta iso, ta zauna, ta ɗora jaka a cinya kamar mai jiran likita.

Barmini ya duba kayansa da safe ya ga babu wanda ya kai darajar ranar. Sai ya shiga ɗakin ajiya, ya ga wata kwat ruwan toka da wandonta a rataye, an goge su sumul. Ya ce a ransa, aro ne na awa biyu, mai ita ba zai sani ba. Ya fito a ciki yana ƙamshin sitati.

Ya yi jawabi mai tsawo, inda ya bayyana cewa tun yana goye yake da sha'awar kimiyya. Ya sa Anti ta shigar da hankici, aka yi tafi. Ya nuna hotonsa yana ɗaga gira. Yaya ta share hawaye.

Madam ta ɗaga yatsa. "Na ji murya. Ina da tambaya ɗaya. Jiya na aiko da mayafan teburin babban ɗakin cin abinci, farare masu bakin zinare. Yau da yamma ina da baƙi. Suna ina?"

"Madam, wannan ai wasan yara ne."

Ya juya ga kwamfuta. Ya nemi inda zai buga suna. Babu. Ya duba sama, hotonsa ya ɗaga masa gira. Ya duba ƙasa, gwarzon mako ne, Baba mai gadi. Gumi ya fara tsattsafo masa a wuyan kwat. Ya hango wani wuri da aka rubuta "Karanta duka", ya ce a ransa ai in ta karanta duka dole ta zo kan na Madam. Ya danna.

Lasifika ta yi gyaran murya, ta fara daga farko.

"Safa, ƙafar hagu, an karɓa! Safa, ƙafar dama, an karɓa!"

"Tana zuwa, Madam," in ji Barmini.

"Ɗan kamfai, ɗaya, na mai aski, ya ɓule ta baya, an karɓa!" Raf-raf-raf.

Mai walda ya faɗo daga kujera don dariya. Mai aski ya miƙe yana cewa, "Ƙarya ne! Ƙusa ce ta kama shi!"

"Zanen gado, ɗaya, na mai walda, da alamar fitsari, an karɓa!"

Dariyar mai walda ta tsaya kamar an ɗauke wuta. "Na yarona ne!"

"Yaronka da ke jami'a?" in ji mai aski.

"Ɗamarar matse tumbi, babba, ta Maigida, ta saki, an karɓa!"

Duk idanu suka sauka kan cikin Maigida. Maigida ya ja numfashi ya riƙe. Yaya ta juyo a hankali. "Ashe ba motsa jikin ba ne?"

"Kashe ta!" Maigida ya daka tsawa. "Kashe abin nan!"

Barmini ya fizge wayar wuta daga bango. Kwamfuta na da batir. Direba ya hau kujera ya kai wa lasifika duka, kejin ƙarfe ya mayar masa da hannu. Mai walda ya ce ko shi da ya yi kejin sai ya ɗauko injin yanka. Injiniya ta taso daga baya tana kutsawa cikin mutane tana cewa, "Rufe murfin kawai! Kada ka danna komai!" Amma Barmini ya riga ya shiga danne-danne da yatsu goma, kuma abin da ya fi komai girma a allon shi ne ƙaton maɓallin nan kore.

Wayoyi suka fara ƙara a aljihun mutane, ɗaya bayan ɗaya, kamar kwaɗi bayan ruwa. Madam ta duba tata. "An ce kayana sun shirya."

"Kin gani!" in ji Barmini da 'yar muryar da ta rage masa.

"Nawa ma," in ji mai aski. "Da safen nan na kawo su."

Injiniya ta iso ta rufe murfin kwamfuta. Murya ta tsaya. Amma saƙo ya riga ya tafi wa duk wanda ya taɓa kawo ko hankici gidan nan.

Ba a jima ba layi ya cika. Masu babur, masu mota, masu tafiya a ƙasa, kowa na ɗaga waya. Rabin kayan suna cikin inji suna juyawa, rabi na ɗiga a kan igiya. Malamin makaranta ya dawo neman sauran wandunansa. Tsoho ya sake zuwa da 'ya'yansa, wannan karon da kansa ya ce a kawo shi. Anti ta shige ƙarƙashin tebur ta ce ita ta tafi hutu.

Barmini ya ga ba sarki sai Allah, ya fara sulalewa ta gefen katanga. Sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Wani ƙaton mutum ne mai tabarau, lauya, yana shafa yadin kwat ɗin da yatsu biyu.

"Malam, kwat ɗin nan ta yi maka kyau."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"A ina ka saya?"

"Ai... ta daɗe."

"Ta daɗe ƙwarai. Da ita na yi aure." Ya buɗe gaban kwat ɗin, ya nuna wa jama'a sunansa da aka ɗinke a ciki. "An aiko mini cewa ta shirya, na zo. Ban san har da mai gwadawa kuke bayarwa ba. Cire."

"Ranka ya daɗe, mu shiga ciki..."

"Ina da zama a kotu. Cire. Har wandon."

Barmini ya dubi Maigida. Maigida, wanda har yanzu yake riƙe da numfashinsa, ya ce, "Kana jin mutum."

A gaban mai aski da mai walda da rabin gari, Shugaban Sashen Ci Gaba ya tuɓe, ya tsaya daga shi sai singileti da gajeren wando mai hoton agwagi. Mai aski ya ce, "Wannan ba a shigar da shi ba, Shugaba. A kawo a rubuta."

Yaya ba ta iya jurewa ba. Kome lalacewarsa ƙaninta ne. Ta ruga ciki, ta wawuri wani farin ƙyalle daga kwandon da aka tura bayan ƙofa, ƙarƙashin tsummokaran Direba, ta fito ta lulluɓa masa tana cewa, "Rufe jikinka, shashasha, ka kashe ni da kunya."

Madam ta miƙe. Ta tako a hankali, jama'a na buɗa mata hanya. Ta kama bakin ƙyallen, ta murza zaren zinaren da ke jiki, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Wannan mayafin teburina ne."



Ta juya ga Maigida. "Sauran suna cikin kwandon, ko wanke su ba a yi ba. Ina son su kafin baƙina su iso. Yarinyar nan kuma," ta nuna Injiniya, "ka ba ta mako guda ta yi abin da masu aikin suka roƙa tun farko. Ita da matar da ke ƙarƙashin tebur su yanke. In na sake jin muryar wannan a layin nan, ko a waya ce, mun rabu."

"An gama, Madam," in ji Maigida, ya saki numfashi, maɓallin rigarsa ya yi tsalle.

Barmini ya gyara mayafin a kafaɗa kamar alkyabba. Ya dubi jama'a, ya dubi Madam, sai ga ƙirjin ya fara tasowa.

"Amma dai a faɗi gaskiya," ya ce. "Kin tambayi mayafinki, ko ba ki tambaya ba? Ga shi a gabanki. Wace na'ura ce a duniya take kawo wa mutum kayansa har da ƙafafu?"

Madam ta miƙa hannu. "Cire."